Eyam, Ƙauyen da Ya Riƙe Sunayen Matattunsa

A tsakiyar ƙasar Ingila, cikin lardin Derbyshire, akwai wani ƙauye da ake kira Eyam. Mutanen wurin ba su furta sunan kamar yadda aka rubuta shi. "Im" suke cewa, su ja muryar kaɗan. Mazaunansa kimanin mutum 1,000 ne. Ba tashar jirgin ƙasa, ba babbar kasuwa, kuma daga birnin Sheffield tafiyar wajen mil 12 ce cikin tuddai. Duk da haka kowace shekara dubban baƙi suna zuwa, har da motoci cike da 'yan makaranta da malamansu. Abin da ke kawo su shi ne wani al'amari da ya faru cikin wata 14, tun daga Satumba 1665 zuwa Nuwamba 1666, da kuma yadda mutanen ƙauyen suka riƙe labarin har yau.

Mu da muke koyar da yara mun san wuyar sa yaro ya damu da abin da ya wuce tun kafin a haifi kakansa. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarin wannan ƙauye, mu duba abin da ya same su, sa'an nan mu duba dabarun da suka bi don kada mantuwa ta cinye shi.

Tsohon gari ne

Eyam ya daɗe. Sunansa yana cikin babban littafin ƙidayar ƙasa da dukiya wanda Sarki Wiliyam ya sa aka rubuta a 1086. A harabar majami'ar garin akwai wani gicciyen dutse mai zane-zane wanda ya haura shekara 1,000. Sana'ar mutanen tun dā ita ce haƙar darma daga ƙarƙashin duwatsu, da kiwon tumaki, da ɗan noma. A 1588 suka haɗa kai suka jawo ruwa daga maɓuɓɓugai zuwa cikin kwamayen dutse da suka jera a bakin hanya, domin kowa ya ɗiba. Waɗansu daga cikin kwamayen nan suna nan har wa yau. Watau tun kafin masifa ta zo, mutane ne da suka saba yin aikin gayya.

Ƙunshin yadi daga Landan

A 1665 annoba ta faɗa wa birnin Landan, ta kashe mutum wajen 100,000. Cuta ce da ƙuma ke ɗaukowa daga jikin ɓera ta kai wa mutum. Wanda ya kamu sai zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, kaluluwa ta fito masa a hammata ko a wuya ko a matsematsi, sau da yawa kuwa kafin mako ya zagayo ya rasu. A zamanin nan ba wanda ya san ƙwayar cutar. Sai a 1894 wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ta a Hong Kong. Mutanen 1665 suna tsammani mugunyar iska ce, ko kuwa hukuncin Allah saboda zunubi.

Bisa ga labarin da aka gāda, a ƙarshen damina ta shekarar nan aka kawo wa telan garin, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga Landan. Mataimakinsa George Viccars ya kwance, ya ji yadin da danshi, ya shanya shi kusa da wuta. Ba a daɗe ba ya kwanta ciwo. Ran 7 ga Satumba 1665 aka binne shi. Bayan mako biyu wani ƙaramin yaro na gidan ya bi shi, sa'an nan maƙwabta. A watan Oktoba mutum fiye da 20 suka mutu. Da sanyin hunturu ya shigo sai mutuwar ta ragu, har mutane suka fara sa zuciya abin ya wuce. Amma da zafi ya komo a watan Yuni 1666, sai cutar ta tashi da ƙarfin da ya fi na farko.

Fastoci biyu, shawara uku

A lokacin nan akwai masu wa'azi biyu a Eyam, kuma ba su ga maciji da juna a kan al'amuran ikilisiya. Ɗaya shi ne William Mompesson, saurayi wanda bai kai shekara 30 ba, wanda aka naɗa faston garin a 1664. Ɗayan kuwa dattijo ne, Thomas Stanley, wanda ya riƙe ikilisiyar a dā. Stanley yana cikin fastoci wajen 2,000 da suka rasa aikinsu saboda sun ƙi amincewa da dokar 1662, wadda ta tilasta wa kowane fasto bin littafin addu'a na Ikilisiyar Ingila. An raba shi da bagade, amma ba a raba shi da zukatan mutane ba, gama da yawa cikin garin shi suke ji.

Mompesson yana da muƙami, Stanley yana da jama'a. Da kowannensu ya tsaya a kan bakansa, da ba abin da zai yiwu. Suka ajiye gardamarsu, suka tara mutane, aka yarda da abu uku.

Na fari, kowane gida ya binne mamacinsa da kansa, nan da nan, a gonarsa ko bayan gidansa, kada a ƙara taruwa wurin jana'iza. Na biyu, a rufe majami'a, a riƙa yin sujada a fili, cikin wani kwari da ake kira Cucklett Delf, kowane iyali ya tsaya nesa da ɗan'uwansa. Akwai wani dutse mai kogo a gefen kwarin, a nan fasto yake tsayawa ya yi wa'azi. Na uku shi ne mai nauyin duka: kada kowa ya fita daga garin, kada kuma baƙo ya shigo, sai cutar ta ƙare.

Mu tsaya mu auna wannan shawara ta uku. Mutumin da yake da lafiya, da matarsa da 'ya'yansa, yana ganin gawa tana fita daga gidan maƙwabcinsa, ga hanya a buɗe, ba soja, ba katanga, aka ce masa ya zauna domin kada ya kai wa mutanen Sheffield ko Bakewell cuta, mutanen da bai taɓa gani ba. Yawancin mutanen Eyam suka zauna.

Garin da ya rufe kansa kuwa dole a ciyar da shi. Babban basaraken yankin, mai sarautar Devonshire, wanda gidansa ke Chatsworth, ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani. Ƙauyukan kewaye su ma suna kawo kaya su ajiye a kan iyaka su koma. A hanyar da ta nufi ƙauyen Stoney Middleton akwai wani dutse da aka huda wa ramuka shida. A ciki mutanen Eyam suke zuba ruwan tsami su jefa kuɗinsu, gama sun gaskata ruwan tsami yana kashe dafin cutar. A arewacin garin kuma akwai wata maɓuɓɓuga inda ake yin haka nan, wadda yanzu ake kira Rijiyar Mompesson.

Watan Agusta

Agusta 1666 shi ne wata mafi muni. Mutum fiye da 70 suka mutu cikinsa. A wata gona da ake kira Riley, can gefen gari, wata mace mai suna Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, daga ran 3 zuwa ran 10 ga wata. Ita ta haƙa, ita ta ja gawa, ita ta rufe. Ita kuwa cutar ba ta taɓa ta ba. A wani gida kusa da na tela, mutum tara na iyalin Thorpe suka ƙare ƙaf, ba wanda ya ragu.

Gidan fasto ma bai tsira ba. Mompesson da matarsa Catherine sun riga sun aika da 'ya'yansu biyu wurin dangi a Yorkshire. Ya roƙe ta ta bi su, ta ƙi, ta zauna tana taya shi zagaya marasa lafiya. A ƙarshen Agusta ta rasu tana da shekara 27.

Ran 1 ga Nuwamba 1666 aka binne na ƙarshe, wani mai suna Abraham Morten. Sa'an nan aka tara tufafi da shimfiɗu aka ƙone. A wata wasiƙa da Mompesson ya rubuta wa kawunsa cikin watan nan, ya ce cutar ta shiga gidaje 76. Yawan waɗanda ta kashe wajen 260 ne, ko da yake jerin da ikilisiya ta ajiye na dukan waɗanda aka binne a watannin nan ya kai suna 273. Mompesson ya bar Eyam bayan 'yan shekaru ya koma Eakring a lardin Nottingham, inda ya rasu a 1709. Stanley ya zauna a Eyam har mutuwarsa a 1670.

Wa ya rubuta?

To, ƙauyuka da yawa a Ingila sun sha annoba, waɗansu ma ta yi musu ɓarna irin wannan, amma yau ba mai tunawa da su. Me ya sa na Eyam ya tsaya?

Dalili na fari shi ne rajista. Tun 1538 aka kafa doka a Ingila cewa kowace ikilisiya ta riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. A cikin tsakiyar masifa, sa'ad da ake binne mutum biyar ko shida a yini, ba a daina rubuta suna da kwanan wata ba. Da littafin ya tsufa, wani fasto da ya zo daga baya ya zauna ya kwafe shi. Aiki ne marar daɗi, ba mai yabon mai yinsa. Amma ba domin wannan ba, da yau ba mu san Elizabeth Hancock ta yi 'ya'ya ba, balle ranar da kowannensu ya mutu.

Na biyu, wasiƙun Mompesson guda uku: ɗaya zuwa ga 'ya'yansa a kan rasuwar uwarsu, ɗaya zuwa ga maigidansa Sir George Savile, ɗaya zuwa ga kawunsa. Iyali suka adana su har aka buga su daga baya. Ɗansa George kuma, da ya girma, ya ba wani shahararren likitan Landan, Richard Mead, labarin, shi kuwa ya sa shi cikin littafinsa a kan annoba a farkon shekarun 1720. Ta gefen Stanley ma an sami mai magana. Wani mai wa'azi na yankin, William Bagshaw, ya rubuta a 1702 cewa mai sarautar Devonshire ya ce dattijon nan ne ya kamata a gode wa.

Na uku, bakin tsofaffi. Wani haifaffen Eyam mai suna William Wood ya bi gida gida yana tambayar dattawa abin da suka ji daga kakanninsu, ya haɗa da abin da ke cikin rajista, ya buga tarihin garin a 1842. Littafin ya karɓu ƙwarai, aka yi ta sāke buga shi. Yawancin labaran da baƙi ke ji yau ta hannunsa suka biyo.

Duwatsu da alluna

Ba kullum ne mutanen Eyam suka kula da kayan tarihinsu ba. Shekaru da yawa kaburburan annoba suna warwatse cikin gonaki, ba mai dubansu. Manoma suka tumɓuke duwatsun kabari da dama, waɗansu aka shimfiɗa su a daɓen ɗaki, garma ta bi ta kan sauran. Abin da ya ɓace a lokacin nan ya ɓace ke nan.

Waɗanda suka ragu su ne aka tashi tsaye a kansu. An tattara duwatsun iyalin Hancock wuri ɗaya a tsakiyar saura, aka kewaye su da gajeriyar katangar dutse. Yanzu suna hannun National Trust, wata ƙungiya da aka kafa a 1895 domin kiyaye tsofaffin gine-gine da filaye. A wani lungu da ake kira Lydgate akwai kabarin George Darby da 'yarsa Mary, su ma an kewaye su. Dutsen nan mai ramuka shida yana nan inda yake, baƙi har suna jefa kwabo a ciki.

Dabarar da ta fi burge mu ita ce mafi arha. A gaban tsofaffin gidajen da cutar ta shiga an kafa ƙananan alluna. Kowane allo yana ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a gidan, da ranar mutuwarsu, wani lokaci da shekarunsu. Yaro yana tafiya a kan titi sai ya karanta sunan wani yaro sa'ansa da ya mutu a bayan wannan ƙofa. In malami ya ce wa aji mutum 260 sun mutu, za su rubuta a littafi su manta. Amma in yaro ya tsaya a ƙofar gidan Thorpe ya ƙirga suna tara da yatsansa, ya riƙe ke nan. Gani ya kori ji.

A cikin majami'a kuma akwai littafi da aka rubuta sunayen matattun duka da kyakkyawan rubutun hannu, ga kujerar Mompesson, ga kuma wata babbar tagar gilashi mai launi da aka sa a 1985, wadda ta nuna labarin daki daki: tela da yadinsa, fasto yana wa'azi a fili, da sauransu. Kabarin Catherine yana waje, kusa da tsohon gicciyen nan. An kuma kafa dutsen tunawa da Stanley a harabar, don kada a ce an yabi ɗaya an bar ɗaya.

Lahadin Annoba

Dutse ba ya magana sai an sami mai tsayawa kusa da shi ya ba da labari. A 1866, da annobar ta cika shekara 200, aka yi taron tunawa, daga nan kuwa al'adar ta kafu. Yanzu kowace shekara, ran Lahadin ƙarshe na watan Agusta, jama'a sukan taru a majami'a su jera zuwa Cucklett Delf, waɗansu saye da tufafi irin na mutanen dā. A can cikin kwarin, a kan ciyawa, inda kakanninsu suka tsaya nesa da juna, ake yin waƙa da addu'a da wa'azi. Ran nan kuma akan ɗora jajayen furanni a kan kabarin Catherine Mompesson, bisa ga al'ada kuwa matar faston garin ce take ɗorawa.

Wannan rana takan faɗo cikin makon bikin garin, lokacin da ake yi wa rijiyoyi ado. Tsohuwar al'ada ce ta ƙauyukan Derbyshire. Akan sami faffaɗan katako a jiƙa shi, a shafe shi da yumɓu, a zana hoto, sa'an nan a bi zanen ana manna ganyen furanni ɗaya ɗaya, da iri, da gansakuka, da ɓawon itace, har hoto ya fito. Aikin yakan ci kwanaki, manya da yara suna yi tare. In an gama sai a kafa shi a bakin rijiya, a yi addu'ar godiya saboda ruwa. Bayan mako guda yumɓun ya tsage, furannin sun bushe, sai baɗi kuma. Wurin wannan aiki ne yarinya takan zauna kusa da tsohuwa, hannu yana aiki baki yana hira, labarin gari yana wucewa daga wannan zuwa waccan ba tare da an ce yau darasi za a yi ba.

Gidan kayan tarihi

A ƙarnin da ya wuce an yi wani mutumin garin mai suna Clarence Daniel, wanda ya ba da ransa ga tattara duk abin da ya shafi Eyam: tsofaffin takardu, kayan aikin masu haƙar darma, duwatsu, hotuna. Ya rubuta littattafai a kan garin, ya kuma mai da wani sashi na gidansa wurin nuna kayan. Burinsa shi ne garin ya sami gidan tarihi na kansa, amma bai ga cikar burin ba. Bayan rasuwarsa kayan suka koma hannun ƙungiyar ƙauyen. Mutane suka yi ta neman wuri da kuɗi, har a 1994 aka buɗe gidan tarihin Eyam a cikin wani ginin majami'ar Metodis. A kan rufinsa an kafa ƙarfen nuna inda iska ta nufa, an ƙera shi da siffar ɓera.

'Yan sa kai ne ƙashin bayan wannan gida. Su ne masu karɓar baƙi, su ne masu amsa tambayoyin yara. Ba labarin annoba kaɗai ke ciki ba. An nuna yadda garin ya farfaɗo, da aikin darma, da saƙar siliki, da ɗinkin takalma waɗanda suka ciyar da mutane daga baya. Wannan ma hikima ce, gama garin da ya yi shekara fiye da 1,000 bai kamata a san shi da wata 14 kaɗai ba.

Tace tsaba daga ƙaiƙayi

Riƙon tarihi ya ƙunshi wani aiki mai ɗaci, watau yarda a bincika labarin da ake ƙauna. William Wood ya rubuta littafinsa shekara 176 bayan annobar. A tsawon wannan lokaci labari yakan yi ƙiba a bakin masu ba da shi.

Wood ya ce mutanen garin wajen 350 ne, waɗanda suka tsira kuwa 83 kaɗai. Amma da masana suka duba takardar harajin murhu ta 1664, sai suka tarar da gidaje wajen 160, abin da ke nuna mutanen sun kai 700 ko 800. Ashe waɗanda suka mutu wajen sulusi ne ko fiye kaɗan, ba kashi uku cikin huɗu ba. An kuma gane waɗansu masu hali sun fice tun kafin a rufe garin, talakawa ne suka fi zama, su ne kuma suka fi mutuwa. Akwai labarin wata budurwa, Emmott Sydall, da saurayinta Rowland Torre na Stoney Middleton, waɗanda aka ce sukan tsaya nesa da juna a bakin kwari suna duban juna, har ran da ta daina zuwa. Sunan Emmott yana cikin rajista, ta rasu a Afrilu 1666. Zancen soyayyar kuwa daga bakin mutane ya fito.

A 2006 wani masanin tarihi, Patrick Wallis, ya nuna cewa yawancin siffar labarin kamar yadda ake ba da shi yau an gina ta ne a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da marubuta ke son labarin jarumi guda, suka ɗaukaka Mompesson. A 2016 kuma waɗansu masu bincike suka ɗauki sunayen nan na rajista, gida gida, suka yi lissafi, suka ce wajen kashi uku cikin huɗu na masu cutar daga jikin mutum suka ɗauka, ba daga ɓera kai tsaye ba. In haka ne, zaman da aka yi wuri ɗaya ya ƙara yawan mutuwa a cikin Eyam, fita kuwa da ta iya kai cutar wani gari. Har yanzu masana suna gardama a kan ko rufe garin ne ya tsirar da garuruwan kewaye.

Wani zai ce irin wannan bincike yana rage wa labarin daraja. Mu dai ba mu ga haka ba. Ko mutanen garin 350 ne ko 800, kaburburan Riley bakwai ne. Kuma abin lura, da rajistar da ikilisiya ta adana ne aka gyara kuskuren Wood. Wanda ya rubuta suna da kwanan wata da gaskiya ya bar wa jikoki abin da za su auna maganar kowa da shi.

Nauyin da ke kan masu rai

Eyam gari ne na masu rai. Gidajen nan masu alluna akwai mutane a ciki, suna dafa abinci suna renon yara, baƙi kuwa suna tsaye a ƙofa suna ɗaukar hoto. Titunan ƙanana ne, motocin baƙi sukan cushe su. Garin yana cikin gandun Peak District, wanda gwamnati ta keɓe a 1951, tsofaffin gine-gine da yawa kuma suna ƙarƙashin doka, mai gida ba shi da iko ya sāke musu fasali sai da izini. Ruwan sama da ƙanƙara suna cin rubutun da ke kan duwatsu a hankali. Kowane tsara kuma sai an sami sababbin 'yan sa kai, in ba haka ba ƙofar gidan tarihi ta rufu. Baƙi suna kawo ciniki, gaskiya ne, amma akwai bambanci tsakanin tunawa da matattu da cin kasuwa da su, mutanen garin kuwa dole su riƙa lura da wannan iyaka.

Amfanin wahalarsu ya fito fili a 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe garuruwa da majami'u a duniya duka. 'Yan jarida daga ƙasashe da yawa suka waiwayi Eyam. Mutanen da aka hana su fita, aka hana su jana'izar 'yan'uwansu, suka sami ƙarfafawa da jin cewa waɗansu sun taɓa shan wannan, da yardar ransu, saboda maƙwabta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta.

Waiwaye adon tafiya

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, an umarci Joshuwa ya sa a ɗauko duwatsu 12 daga cikin kogin a kafa su, domin ran da yara suka tambayi ma'anarsu iyaye su sami abin faɗi. Abin da mutanen Eyam suka yi ke nan da allunansu da Lahadinsu.

In muka duba kayan aikinsu, ba wanda ya fi ƙarfinmu: littafin rajista, wasiƙun da iyali suka ɓoye, mutum guda da ya zauna gaban tsofaffi da alƙalami, katanga kewaye da kabari, da rana ɗaya a shekara. A ikilisiyoyinmu da yawa littafin baftisma na fari yana cikin wani akwati, gara tana aikinta. Akwai tsofaffi a cikinmu da suka ga agana da idonsu kafin a kawar da ita, suka ga shekarun sanƙarau da na yunwa, suka san wanda ya yi jinyar wa, da wanda ya ba da filin da aka gina majami'a ta fari. Ba za su zauna da mu har abada ba.

Saboda haka muna roƙon dattawan ikilisiya su buɗe akwatin nan a wannan wata, su sa a kwafe abin da ke ciki, a ajiye kwafin a wani gida dabam. Iyaye kuma, in an ba da hutu, ku ba yaro littafin rubutu da fensir, ku aike shi wurin kakarsa. Ku ce ya fara da sunaye, ya rubuta kowanne daidai, da garin da aka haifi mai shi, da shekarar in an sani.